Wurin kwana a garuruwan nesa: ta hannun wa ake kama ɗaki ya tabbata?

Mai Tsara Tafiya:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba da hanya. Ofishinmu zai tura ma'aikata huɗu, maza uku da mace ɗaya, su duba firjin allurar rigakafi masu aiki da hasken rana a ƙananan asibitoci. Zagayen farko cikin Afrilu ne: Maigatari a Jigawa, sai Machina da Yusufari a Yobe, kwana biyu zuwa uku a kowane gari. Na biyu Gembu ne, a tsaunin Mambila na jihar Taraba, wajen watan Yuli.

Aikin kansa bai dame mu ba, wurin kwana ne damuwar. A intanet babu abin kamawa. In an ga sunan masauki da lambar waya, ko dai lambar ba ta shiga, ko wanda ya ɗauka ya ce ya bar wurin tun bara. Inda aka dace aka yi magana kuwa, amsar ɗaya ce: "Ku taho kawai, akwai ɗaki." A isa da magariba a tarar an ba wani. Wani wurin ga ɗaki amma ba ruwa, ba wuta, ƙofa ba sakata. In an dawo kuma akawu na jiran rasit.

To, ta hannun wa ake kama ɗaki ya tabbata? Me ake dubawa kafin a biya? Me ya kamata a ɗauko daga gida? Ita 'yar uwarmu mace, ina ya fi dacewa ta sauka? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da gane dalilin da ya sa alkawarin waya ba ya riƙe ɗaki. Masauki a irin waɗannan garuruwa ɗaki shida ne ko takwas, in ya yi yawa goma sha biyu, kuma ba duka ne masu lafiyayyen banɗaki ba. Mai wurin sau da yawa ba a garin yake zaune ba. Yaro ne ke riƙe da makullai, kuma za a tambaye shi kuɗin da ya shigo. Muryar da ya ji a waya daga Kano ba kuɗi ba ce. Wanda ya tsaya a gabansa da tsaba a hannu da la'asar, shi ne mai ɗaki. Kada ku ɗauka mugunta ce, an sha yi masa alkawarin zuwa ba a zo ba, ɗaki ya kwana ba kowa, faɗa ya faɗo a kansa.

Saboda haka mutum za ku fara nema kafin ɗaki. Da ɗan gari akan ci gari. A irin aikinku ƙofar da ta fi kusa ita ce jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma, ko mai kula da ma'ajiyar allurai, domin duk zagayen rigakafin shan inna su ke saukar da baƙi, sun san ɗakin da yake yoyo da wanda famfonsa ke kawo ruwa. A kira shi mako guda kafin tafiya. A roƙe shi ya taka da ƙafarsa ya je, ya ɗauko bidiyo ya turo ta WhatsApp. Ba hoto ba, hoto yana iya zama na shekara biyar da ta wuce. Bidiyo guda ba yankewa, daga ƙofar gida zuwa cikin ɗaki zuwa banɗaki, a murɗa famfo a ga ruwa, a kunna fanka a ga tana juyawa. Ya faɗi lambar ɗakin, ya biya kuɗin kwana ɗaya da sunansa, in za a ba shi makulli ya karɓa ya riƙe. Ɗakin da ɗan gari ya kama da wuya a ba wani, domin gobe za su haɗu da yaron a masallaci. A tura masa kuɗin mai da na kati tun kafin ya tambaya, a kuma sake kiransa da safen ranar tafiya.

Sai ranar shiga gari. Kasuwar Maigatari Alhamis take ci, fatake da dillalan dabbobi suna fara sauka tun Laraba, wasu ma Talata da dare. Wanda ya shiga Laraba da yamma yana neman ɗaki huɗu ya makara. Ku shiga Lahadi kafin la'asar, ku yi aiki Litinin da Talata, ku fita Laraba da safe. Kowane gari ku tambayi ranar kasuwarsa kafin ku zana jadawali. Ban da kasuwa, abubuwan da ke cinye ɗakuna su ne zagayen rigakafi, rabon maganin zazzaɓin yara da damina, zaɓe, lokacin jarrabawar WAEC da NECO da masu sa ido ke sauka, kakar riɗi da masu saye ke zuwa da manyan motoci, sai bikin wani babba a gari.

Gidan baƙi na ƙaramar hukuma yana da araha kuma galibi a tsakiyar gari yake, amma yana da aibi guda: in baƙin ciyaman suka zo ba zato, ku za a ce ku yi haƙuri. In za ku sauka can, a samu rubutacciyar takarda daga sakataren ƙaramar hukuma, kuma duk da haka a san wuri na biyu.

Ni a ganina, inda titi yake da kwalta kuma tafiyar ba ta da tsawo, gara a kwana a babban gari a riƙa sammako. Gumel don Maigatari, Nguru don Machina, Gashuwa don Yusufari. Nguru tana da cibiyar lafiya ta tarayya, Gashuwa tana da jami'ar tarayya, baƙi ba sa yankewa, shi ya sa masu otal ke gyara wurarensu. Masaukin da baƙo ke sauka sau biyu a wata ba wanda zai saya masa sabon tanki.

Ko ina za ku sauka, ku isa kafin la'asar. Da hasken rana ake ganin aibin ɗaki, a lokacin akwai sauran ruwa a tanki, kuma in wurin bai yi ba akwai lokacin zuwa na biyu. Bayan an ajiye kaya a je a gai da hakimi, a nuna takardar aiki a ofishin 'yan sanda. Halin hanya kuwa ranar tafiya ake tambayarsa, a bakin direbobin tasha da suka fito daga can da safen nan. Labarin makon jiya ba ya amfani.

Injiniyan Sola:

Abin da Baba Direba ya faɗa haka yake. Zan ƙara a kan wuta da ruwa, don nan ne kalmar "akwai" ta fi cutar baƙo.

In aka ce akwai wuta, tambaya uku ce: daga ina take, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kuma me take iya ɗauka. In janareta ne, yawanci daga magariba ne zuwa sha ɗaya ko sha biyun dare, sai a kashe, a daidai lokacin da zafin Afrilu ke fitowa daga bango. In sola ce, ku ce a nuna muku batir ku ƙirga. Lissafin ba shi da wuya. Batir mai 200Ah na bolt 12 yana riƙe wat 2,400 na awa guda, amma in irin na dalma ne rabin kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato 1,200. Fankar sama tana cin kamar wat 70, a awa takwas ta cinye 560. Ke nan batir ɗaya fankar ɗaki biyu kawai zai kai asuba. Masauki mai ɗaki takwas da batir biyu, in duk ɗakunan da mutane, awa huɗu ne wutar ta tafi, ban da ƙwan fitila da talabijin ɗin falo. Shi ya sa ake kwanciya da fanka a farka ƙarfe ɗayan dare cikin gumi. Wannan lissafin sabon batir ne, wanda ya shekara uku a zafin Yobe ba ya ba da haka.

Kada ku biya ƙarin kuɗi don na'urar sanyaya ɗaki sai kun ga janaretan da zai ja ta. Mai doki ɗaya tana cin wat 800 zuwa 900, kuma lokacin tashi tana fizgar ninkin haka ko fiye. Ƙaramin janareta irin Tiger ba zai tayar da ita ba. Mai 2.5kVA zai ja guda ɗaya da 'yan fitilu, ba ɗaki huɗu ba. In kuna son wuta har asuba, ku yi ciniki tun da rana: irin wannan injin yana shan kusan lita ɗaya a awa, don haka daga sha biyu zuwa asuba lita biyar zuwa shida ne. Ku sayo man da kanku, a zuba a gabanku.

Ku duba inda aka ajiye janaretan. Wannan maganar rai ce. In a baranda yake, ko ƙarƙashin tagarku, ko a lungun da iska ba ta wucewa, ku ce a matsar da shi aƙalla mita shida, bakin hayaƙin yana kallon waje. Gubar da ke kisa a hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri da tashin zuciya, musamman in ya kama mutum biyu a lokaci guda. In haka ta faru a fita waje nan take, kada a ce bari a kwanta ya wuce.

Kwamfuta da na'urorin gwaji kada a bar su a jone lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, a nan caja ke ƙonewa. A jira injin ya daidaita minti biyu zuwa uku sannan a jona. Ku taho da wayar jona mai baki huɗu, domin ɗakin soket ɗaya ne, sau da yawa a bayan gado, kuma ya saki. Kowa da fawa-banki mai 20,000mAh, tana cika waya sau uku ko huɗu. Fanka mai caji ɗaya a kowane ɗaki, da tocila ta goshi.

Zaɓen ɗaki a watan Afrilu: ku guji wanda bangonsa ke kallon yamma, da mai rufin kwano ba silin. Mai rufin siminti ma da rana ya fi sanyi, amma da dare yake amayar da zafin da ya sha. Ɗaki mai taga biyu a bango daban-daban ya fi kowanne. A wannan yankin zafi yana haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ba abin kunya ba ne a shimfiɗa katifa a tsakar gida cikin gidan sauro, in gidan yana da katanga da maigadi.

Ruwa kuma, kada ku tsaya a famfon banɗaki. Ku fita ku ƙwanƙwasa tanki ku ji inda ruwan ya tsaya, ku tambayi abin da ke cika shi. In rijiyar burtsatse ce mai sola, da rana kawai take turawa, kafin safe tanki ya ƙare. Dabarar ita ce a cika bokitai da la'asar. Wannan ma yana maganin wata matsalar, don ruwan baƙin tanki da rana ba ya taɓuwa, amma in ya kwana a bokiti ya huce. In 'yan ga-ruwa ke kawowa, a karɓi lambar ɗaya a yi ciniki da shi kai tsaye. Mutum ɗaya jarka ɗaya mai lita 25 a rana don wanka, alwala da banɗaki, ku huɗu jarka huɗu ke nan, ban da wanki. A zuba bokiti guda a masai a gani ko yana wucewa. In ruwan ya taso ya tsaya, ramin ya cika, kuma ba gyaran da za a yi masa a daren nan. A canza ɗaki.

Ƙofa: kwaɗonku na kanku, don ba ku san mutum nawa ke da makullin nasu ba. Ƙaramar sakata da kusoshinta da sukundireba ba su da nauyi, minti biyar ne an ɗaura, amma a nemi izinin mai wurin. In taga tana da ƙarfe kuma ana kulle babbar ƙofa da dare, ku san wanda ke riƙe da makullin da inda yake kwana, saboda gobara.

Hajiya Ungozoma:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana mai tambaya, batun 'yar uwarku shi ne ya kamata a fara warwarewa, ba a bar shi ƙarshe ba.

Wasu masaukan a ƙananan garuruwa ba da matafiya suke cin abinci ba, da masu kama ɗaki na awa ɗaya ko biyu suke ci. Ana gane su: babu littafin rubuta sunan baƙi, babura na shiga da fita bayan isha, ga kiɗa, yaron wurin kuma yana tambaya "kwana ne ko hutawa?" Mace mai aiki ba ta da abin yi a nan. Za a ƙwanƙwasa mata ƙofa cikin dare, kuma a jihohin da ke da Hisbah irin wuraren ake kai wa samame, kafin a gama bayani mutunci ya taɓu. Ɗan garin da kuka aika ya san wuraren sarai, amma kunya za ta hana shi faɗa sai an tambaye shi kai tsaye: "Za ka iya saukar da ƙanwarka a nan?"

Inda ya fi mata shi ne gidajen ma'aikata na cikin asibiti, wajen shugabar masu jinya ko ungozoma. Akwai maigadi, akwai mutane a farke duk dare, kuma asibiti ya fi ko'ina samun ruwa da sola. Ta hannun shugaban asibitin ake nema, kwana uku ko huɗu kafin zuwa. In babu, sai cikin gidan hakimi ko dagaci, wajen mata. A nan ba a miƙa kuɗin ɗaki, cin fuska ne. Tsaraba ake kaiwa: sukari, ganyen shayi, sabulu, goro, a hannun uwargida, ranar tafiya kuma a ba yara wani abu. Ta sani za a rufe gida da wuri, kuma ba za ta samu kaɗaicin yin rubutun rahoto ba, don haka ta gama shi a asibiti kafin ta shigo. Baƙunci kwana uku ne, in aiki zai wuce haka a sa hannu a cefane. In dole sai otal, ɗakinta ya kasance kusa da na abokan aikinta, ba na ƙarshen lungu ba, katin aiki da kwafin takardar ofis suna jakarta.

Yanzu gado. Kafin a ɗora jaka a kai, a yaye zanin, a haska tocila a ɗinkin gefen katifa da kusurwoyin katako. Ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa tawada, ko jirwayen jini a bango daidai kan gado, kuɗin cizo ne. Yana iya yin watanni bai ci ba, don haka "ai ɗakin ya daɗe ba kowa" ba hujja ba ce. Jaka a rataye ta ko a ɗora kan kujerar roba nesa da bango. Kowa ya zo da zanin gado biyu da rigar matashi. In an yi rashin sa'a an kwana da shi, a ɗaure kayan cikin baƙar leda a shanya a rana yini guda, a wanke da ruwan zafi, kafin su shiga gida.

Kada a yarda yaron masauki ya yayyafa fiya-fiya ko Sniper a ɗakin da za a kwana. Maganin gona ne, yana kama ƙirji, mai asma kuwa yana iya kai shi asibiti. In za a fesa na gwangwani, a fesa da la'asar, a rufe rabin awa, a buɗe tagogi kafin a shiga. Gidan sauro mai magani shi ne abin dogaro, amma da wuya ku tarar da ƙusa a bango. Ku zo da igiya mita goma da ƙusoshin siminti, ko irin gidan sauron nan mai tsayawa da kansa. A cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Da bazara kunama tana shigowa neman sanyi, ta fi son bayan bokiti da cikin takalmi. A kakkaɓe takalmi kafin a sa, kuma ba a shiga banɗaki da dare ba tocila.

Ruwan sha daban da na wanka. Jakar ruwan leda guda ashirin ce, lita goma. Ku huɗu a zafin Afrilu jaka biyu a rana, kuma a saya a babban gari, mai lambar NAFDAC. In ya yanke, a tafasa ruwa ya yi ɓararraka minti ɗaya, ko a sa maganin tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikinsa a jira minti talatin. Ruwa mai dauɗa sai an bar shi ya kwanta an tace tukuna. A jakar magani kada a rasa gishirin zawo na ORS, farasitamol, abin gwajin zazzaɓi da maganinsa. Abinci kuma a rufe shi a mazubi mai murfi. In kun ga kashin ɓera a ɗaki, ku ɗauke shi da muhimmanci, ta nan zazzaɓin Lassa ke kama mutum, kuma Taraba tana cikin jihohin da yake yawan ɓulla.

Akawun Ofis:

Ina tare da Baba Direba a kan kafin alƙalami, amma kada ya wuce kuɗin kwana ɗaya. Wanda ya biya kwana uku a dunƙule ya ɗaure kansa: in ruwa ya ɗauke a rana ta biyu ba shi da bakin magana, kuma kuɗin da ya shiga ba ya dawowa. A riƙa biya kullum da safe. In tura kuɗi za a yi, kusan kullum asusun yaron ne ba na masauki ba, to a rubuta a bayanin turawa sunan wurin, lambar ɗaki da kwanan wata, a adana shaidar.

Ku riƙe tsaba da za ta ishe ku kwana da abinci da mai na dukan zangon, cikin ƙananan takardu, a raba ta hannun mutum huɗun. Mai POS ba ya aiki sai da sabis. An ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, an kuma ga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, don haka ba a dogara da hanya ɗaya. Kowa da layi biyu, MTN da Airtel. A garuruwan bakin iyaka irin Maigatari da Machina waya takan tsallaka ta kama layin Nijar da kanta, kati ya ƙare ba a sani ba, saƙon banki ya ƙi shigowa. A shiga saitin waya a zaɓi layi da hannu.

Rasit kuwa tun a ofis ake maganinsa. Yawancin wuraren nan ba su da bugaggen rasit, gidan hakimi da gidan ungozoma kuwa babu zancensa. Ofis ya buga tasa takardar shaidar biya, mai binciken kuɗi ya amince da ita a rubuce kafin a tashi. A jikinta: sunan masauki da gari, ranar shiga da fita, yawan kwana, kuɗi da lamba da kuma kalmomi, suna da lambar wayar wanda ya karɓa, sa hannunsa ko dangwale, sai sa hannun shaida, wato jami'in da ya sauke ku. Man janareta da ruwan 'yan ga-ruwa su ma a ba su layinsu, don su ne ke cinye aljihun ma'aikaci ba a mayar masa. Kada kowa ya sayi littafin rasit a kasuwa ya cike da hannunsa, ko da kuɗin gaskiya ne ya kashe. In aka gano, sunansa jabu. Mafi sauƙi ma shi ne ofis ya yanke kuɗin kwana tsayayye ga irin waɗannan garuruwa.

Mai Tsara Tafiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura biyu. Gembu fa, shirin ɗaya ne? Sannan in duk an yi wannan, mota ta lalace a hanya, aka shiga gari bayan isha ɗaki ya tafi, ina aka nufa?

Ɗan Mambila:

Malam, Gembu shirinta daban. Duk abin da aka faɗa na fanka da zafi ka ajiye shi. Tsaunin Mambila ya haura mita 1,500, a Yuli ruwa ake yi kusan kullum, dare kuma da sanyi sosai. Abin tambaya a masauki shi ne ruwan zafi na wanka, da ko ɗakin a bushe yake. A ɗaga kai a dubi silin: jirwaye mai ruwan ƙasa yoyo ne. A sa tafin hannu a katifa da bango, in da danshi a nemi wani ɗakin. Bargon masauki yakan yi warin raɓa don ba ranar shanya shi, kowa ya zo da nasa, da rigar sanyi, safa, hular sanyi, rigar ruwa da takalmin roba. Kayan sawa su yi yawa, wanki ba ya bushewa a kwana biyu. Na'urori a sa su cikin leda mai zif.

Babban haɗarin shi ne kaskon gawayi. Baƙo ya ji sanyi, a kawo masa garwashi, ya rufe ƙofa da taga ya kwanta. Gubar da Injiniya ya ambata ta janareta, ita ce dai a gawayi. A ji ɗumi a waje ko a buɗe, a fitar da kaskon kafin barci.

Hanya daga Jalingo ta Bali da Serti take bi, hawan dutse yana farawa daga Mayo Selbe, sai Nguroje, sai Gembu. Yini guda ce, a tashi da asuba. In la'asar ta same ku ba ku wuce Serti ba, ku kwana a nan. Hawan yana da kwana-kwana da rami a gefe, ga hazo da ke rufe hanya da yamma. A duba birki da taya tun a Jalingo.

A cikin Gembu akwai otal-otal da gidajen baƙi, ba kamar ƙauyukan ba. A tambaya har da na coci, sukan fi tsabta da natsuwa, sai dai suna da dokokinsu da lokacin rufe ƙofa. Wutar gari ba abin dogaro ba ce, lissafin janareta da sola yana nan. Wahalar tana asibitocin ƙauye. Wasu a ƙetaren kogin Donga suke, da kwale-kwale ake hayewa, sannan a hau babur a kan jar laka. In aka yi ruwa da rana, dawowa a ranar ba tabbas. Duk wanda zai fita ƙauye ya ɗauki ƙaramar jaka mai bargo, tocila, gidan sauro da abincin dare ɗaya, kuma a sanar da mai kula da asibitin can cewa wataƙila a kwana. A samu ɗan rakiya mai jin Fulatanci, ya fi Hausa tafiya a ƙauyukan. A ƙara kwana biyu a kan jadawali saboda ruwa.

Tsohon Direba:

In dare ya yi muku, Malam, abu na farko kada a ce bari a ƙarasa gari na gaba. Tun daga inda motar ta lalace a kira ɗan garin, ya je ya karɓi makulli ya riƙe, ko ya fara neman wani wurin kafin mutane su kwanta.

In an shiga ba ɗaki, a nufi babban asibitin garin. Ƙofarsa ba ta rufuwa, akwai ma'aikatan dare, kuma ku aikin lafiya ya kawo ku. Za a samar wa 'yar uwarku wuri wajen masu jinya mata, maza kuma ko ofis ne a shimfiɗa tabarma. In gari ba shi da babban asibiti, sai ƙofar hakimi ko mai unguwa. A yi sallama, mutum ɗaya ya yi magana, a nuna takarda, zaure ba ya ƙin baƙo. Masallaci ba a shiga a kwanta sai da izinin liman, da yawa ma ana kulle su bayan isha.

Motar da kayan aiki a kai ta harabar asibiti ko ofishin 'yan sanda, ba tasha ba, kuma a cire kwamfutoci a shiga da su. In direba zai kwana a mota, ya kashe inji, ya sauke gilashi kamar faɗin yatsa biyu, ya rataya gidan sauro daga ciki. Shi ya sa tabarma huɗu da buta biyu ba sa fita daga bayan mota, ko da an kama ɗaki an biya.